Aikin Hajji ba ya biya maka bashi

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya.

Toh lokacin ya sake zagayowa, jirage sun fara jigilar maniyyata, sansanin alhazai ya cika da 'yan rakiya da masu sayar da jaka da silifas, mu kuma wayoyinmu sun fara cika da saƙon nan da kowa ya haddace: "Insha Allahu zan tafi sauke farali, duk wanda na ɓata wa da sani ko rashin sani dan Allah ya yafe min, ni ma na yafe wa kowa duniya da lahira." Haka ake yi daren da aka ga watan azumi, haka ake yi in an shiga goman ƙarshe, daren Arfa ma haka. Saƙo ɗaya an watsa wa duk lambar da ke cikin waya, wani ma da alamar nan ta sama yake zuwa mai nuna shi ma turo masa aka yi. Mu kuma mu amsa da Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji a saka mu a addu'a, shikenan an wuce wajen.

Neman yafiya abu ne mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Abun da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne, cikin lambobin da saƙon nan ya shiga akwai ta mai shagon bakin layi da sunan maniyyacin ya cinye shafi guda a littafinsa na bashi, akwai ta birkilan da ya yi masa katanga aka ce ya dawo ƙarshen wata kuma har yau watan bai ƙare ba, akwai ta ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya da tun rasuwar mahaifinsu take jiran a raba gida. Su waɗannan me ake so su amsa? In sun yi shiru a ce ba su da yafiya, mutum zai je ɗakin Allah suna riƙe da shi a zuciya. In kuma sun ce sun yafe, shi a ganinsa har da kuɗin aka yafe.

Bari dai in fara ta inda ya kamata kar wani ya ce ina ƙuntata rahamar Ubangiji. Wallahi in ka zauna ka jero hadisan da suka zo kan kankare zunubi sai jikinka ya yi sanyi, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a ba mu hanyar wanke kanmu a cikinta ba. Alwala kawai, hadisin Sayyidina Usman da ke Muslim ya ce wanda ya kyautata ta zunubansa za su fita daga jikinsa har ta ƙarƙashin farcensa. Salloli biyar kuwa Annabi (SAW) tambayar sahabbai ya yi, da a ce akwai ƙorama a ƙofar gidan ɗayanku yana wanka a ciki sau biyar kullum, wani datti zai saura a jikinsa? Suka ce a'a, ya ce to haka salloli biyar suke, Allah yana goge kurakurai da su. Wanda ya azumci Ramadan yana mai imani da neman lada an gafarta masa abun da ya gabata, wanda ya yi tsayuwar darensa haka, wanda ya tsaya a Lailatul Ƙadri haka. Azumin Ashura yana kankare shekarar da ta wuce. Na Arfa, ga wanda bai je hajji ba, shekara biyu, wadda ta wuce da mai zuwa, yini ɗaya tal fa, asuba zuwa magariba. Umara zuwa umara kaffara ce ga abun da ke tsakaninsu, hajjin da aka karɓa kuwa ba shi da sakamako sai Aljanna. Sai kuma wanda kowane maniyyaci ya fi so a karanto masa a wajen bita, cewa wanda ya yi hajji bai yi batsa ba bai yi fasiƙanci ba zai dawo kamar ranar da mahaifiyarsa ta haife shi. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, ba kokwanto a kansa.

Akwai ma wani labari da nake matuƙar so. Wani mutum a Madina ya sumbaci matar da ba tasa ba, abun ya dame shi ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya tafi da ƙafarsa ya faɗa wa Annabi (SAW) da bakinsa, sai aya ta 114 a Suratu Hud ta sauka, ka tsai da sallah a gefe biyu na yini da wani yanki na dare, lallai kyawawan ayyuka suna tafiyar da munana. Mutumin ya ce ya Manzon Allah ni kaɗai aka yi wa wannan? Ya ce na al'ummata ne gaba ɗaya. Ga kuma aya ta 53 a Suratuz Zumar da aka hana mu yanke ƙauna, wadda aka kira masu ɓarna da "bayina". Don haka duk wanda yake ganin shi kam ya yi nisa ba ya jin kira, shaiɗan ne yake masa huɗuba, ya tashi ya yi alwala.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma shi ne ake yawan yankewa in za a ɗora hadisin a sitatus. Hadisin Abu Huraira da ke Muslim ya ce salloli biyar, da Juma'a zuwa Juma'a, da Ramadan zuwa Ramadan, suna kankare abun da ke tsakaninsu matuƙar an nisanci manyan zunubai. Aya ta 31 a Suratun Nisa'i ma haka ta ce, in kun nisanci manyan abubuwan da ake hana ku za mu kankare muku ƙananan. Shi ya sa mafi yawan malamai suka tafi a kan cewa waɗannan ibadun ƙananan zunubai suke wankewa, manyan sai an yi musu tuba ta musamman, kuma Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tsananta sosai a kan wannan. A kan hajji ne dai aka ɗan yi saɓani, wasu suka ce shi kam har manyan yana ɗaukewa, hujjarsu wancan lafazin na komawa kamar ranar haihuwa da kuma hadisin Amru ɗan Asi da aka ce masa Musulunci yana rushe abun da ya gabace shi, hijira haka, hajji ma haka. Toh ko su ɗin ma ba wanda ya ce in ka dawo daga Makka kuɗin mutane da ke hannunka sun zama naka. Sallar da ake binka tana nan, ramuwar azumi tana nan, zakkar da ka danne tana nan, bashin mai shago yana nan daram.

Ka duba ma manyan zunuban nan guda bakwai da Annabi (SAW) ya kira masu halakarwa: shirka, sihiri, kisan kai, cin riba, cin dukiyar maraya, gudu daga fagen yaƙi, da yi wa mata kamammu ƙazafi. In ka cire na farko kusan duk sauran akwai wani ɗan Adam da aka cuta a ciki.

Maganar bashi ita ce ta fi tsorata ni, don mu mun mai da shi abun wasa, da ka yi magana sai a ce ai bashi hanji ne yana cikin kowa. Wani mutum ya miƙe ya tambayi Annabi (SAW), in aka kashe ni a tafarkin Allah za a kankare min zunubaina? Ya ce eh, in an kashe ka kana mai haƙuri da neman lada, kana fuskantar gaba ba ka juya baya ba. Can kuma sai ya sake ce masa me ka ce? Mutumin ya maimaita, ya ce eh, sai dai bashi, Jibrilu ne ya faɗa min haka. Wannan shahidi kenan, wanda ya ba da ransa. To ni da kai da muka ba da kuɗin jirgi fa?

A Bukhari kuma an kawo gawa a yi mata sallah, Annabi (SAW) ya tambaya ya bar wani abu? Aka ce a'a. Ana binsa bashi? Aka ce dinari uku. Ya ce ku yi wa mutuminku sallah. Sai da Abu Ƙatada ya ce ya Manzon Allah yi masa sallah bashin yana kaina, sannan ya sallace shi. Daga baya da Allah ya buɗa, shi Annabi da kansa yake ɗaukar bashin wanda ya rasu bai bar abun biya ba, amma dai ka ji nauyin abun. Mu a nan mun riƙe rabin sunnar, za ka ji bayan an idar da sallar jana'iza wani dattijo ya ɗaga murya ya ce jama'a duk mai bin mamaci bashi ya ga ɗansa wane, wanda kuma mamaci yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo. Madalla. Sai dai in mai bin bashin ya zo bayan kwana biyu da 'yar takardarsa a hannu, kallon da ake masa kamar shi ya kashe mamacin, a ce haba malam ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Alhali an yanka rago an dafa shinkafar sadakar uku, ana shirin ta bakwai, har an fara ƙus-ƙus kan wa zai ɗauki mota. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sai maimaitawa suke cewa rabon nan bayan wasiyya ne ko bashi. Tsarin a fili yake, a yi wa mamaci sutura, a biya bashinsa, a fitar da wasiyya in akwai kuma kar ta wuce kashi ɗaya cikin uku, abun da ya rage shi ne gado.

Kar talaka ya ji wannan ya ce da shi nake. Wanda ya ci bashi don yunwa ko asibiti ko kuɗin makaranta kuma da niyyar biya ya karɓa, hadisi ya zo a Bukhari cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin ya biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin ya lalata ta Allah zai lalata shi. Aya ta 280 a Baƙara kuma ta ce wa mai bin bashi in wanda kake bi yana cikin ƙunci ka jira shi har ya samu. Da wanda nake shi ne mai taurin bashi alhali yana da shi, wanda Annabi (SAW) ya kira jan ƙafarsa zalunci. Wanda zai kashe waya in ya ga lambarka, amma jibi ka ga hotonsa da harami a Facebook.

A 2025 kujerar Makka ta haura naira miliyan 8 a Najeriya, ban da guzuri da tsaraba da walimar dawowa. Mutumin da ya iya haɗa wannan, ta yaya dubu talatin ɗin birkila za ta gagare shi? Hajji dai a kan mai iko aka wajabta shi, aya ta 97 a Ali Imrana ta faɗa, kuma malamai sun yi bayani cewa in lokacin biyan bashi ya yi, kuɗin hannunka kuma ba za su ishi duka biyun ba, bashin ne a gaba don a wannan halin hajjin bai ma hau kanka ba tukuna. In kuwa bashi ne mai lokaci da kake biya kaɗan-kaɗan kuma kana da hanyar biya, ko mai shi ya ce je ka ka dawo, wannan daban, sai ka zauna da malamin unguwarku ka warware masa yadda naka yake. Amma ka faɗa masa gaskiya fa, ba irin tambayar nan da ake gyara ta tun daga gida don a samu amsar da ake so ba.

Mutanen da can ba sa wasa da wannan, don su tafiyar ba ta wata ɗaya ba ce. A ƙafa ko a kan jaki ake bi ta Borno, a ratsa Chadi, a shiga Darfur, a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri a ƙara gaba, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ake yi, wasu su dawo da furfura, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu, wasu kuma su zauna a hanya, shi ya sa har gobe akwai Hausawa da Fulani jingim a Sudan, irin su garin Mai Wurno da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai irin wannan tafiyar sallamar mutuwa yake yi, ya biya na biya, ya mayar da ajiya, ya bar wasiyya. Mu da jirgi ya sauƙaƙa mana sai muke ganin kamar dawowa dole ce. Amma ai ba mu manta da turmutsutsun Mina na 24 ga Satumban 2015 ba, da ya ci alhazan Najeriya da Nijar masu yawa, har da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah ya jiƙansu. A 2024 kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka ce sama da mutum 1,300 sun rasu a lokacin hajji, a tsananin zafin da aka yi. Kowannensu da jakarsa da tikitin dawowa.

Wani abun da ban cika jin ana jaddadawa a wajen bita ba shi ne abun da Annabi (SAW) ya zaɓa ya faɗa a filin Arfa ɗin kansa, a hajjin bankwana shekara ta 10 bayan hijira. Ranar da aka ce babu ranar da Allah ya fi 'yanta bayi daga wuta kamarta, taro mafi girma da ya taɓa tsayawa a gabansa, me ya ce? Jininku da dukiyarku haramun ne a tsakaninku kamar alfarmar wannan yini, a wannan wata, a wannan gari. Ya soke ramuwar jinin jahiliyya ya fara da na danginsa, ya soke riba ya fara da ta baffansa Abbas, ya ce ku ji tsoron Allah game da mata. Washegari a Mina ya maimaita ya haɗa da mutunci. Kenan a tsakiyar ranar gafara ma maganar haƙƙin mutane aka yi, kuma daga gida aka fara.

Wadda na ga ta yi abun yadda ya kamata wata tsohuwa ce a layinmu, kowa Inna yake ce mata, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗanta ne ya biya mata kujera. Ba ta da wayar da za ta watsa saƙo. Ana saura 'yan kwanaki su tashi ta ɗauki mayafinta ta dinga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ina tsakar gida ta shigo wajen mahaifiyarmu, aka shimfiɗa mata tabarma, bayan an gaisa sai ta kwance bakin zaninta ta fito da kuɗi a nannaɗe duk sun yamutse ta ajiye a gabanta. Ta ce 'yar nan, kin tuna gyaɗar da kika kawo min in matse miki lokacin bikin 'yarki? Man ya fi abun da na kawo miki, kwalba guda na rage na sayar, a lokacin ina cikin matsi, kuma kunya ta hana ni faɗa. Bikin nan fa yarinyar da aka aurar har ta yi 'ya'ya. Mahaifiyarmu ta ce haba Inna, wannan ai ya wuce, wallahi ban ma sani ba, na yafe duniya da lahira, mayar da kuɗinki ki ƙara a guzuri. Inna ta ce a'a, karɓi tukuna ya shiga hannunki, in ya zama naki kika ga dama sai ki ba ni kyauta. Haka aka yi, ta karɓa ta mayar mata, su biyun duk suna share hawaye. Kuma da farashin ranar ta lissafa kwalbar, ba da na shekarar bikin ba. Daga nan ta wuce gidan uwar adashinsu.

Ba ta yi zurfin karatu ba amma ta gane abun da hadisin Bukhari ya ce, wanda ya san ya zalunci ɗan uwansa a mutuncinsa ko wani abu to ya nemi warwara a wajensa yau, kafin ranar da ba dinari ba dirhami. Ta faɗi laifin da sunansa, ta kawo abun a hannu, sannan ta bar wa mai haƙƙi zaɓi.

Ba bashin kuɗi kaɗai ba ne. Filin da aka matsa iyakarsa da daddare, hadisi ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai. Yarinyar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ana cewa ana tara mata kuɗinta, shekara ta zagayo ba ta ga ko sisi ba, alhali a hadisin ƙudusi Allah da kansa ya ce shi ne abokin shari'ar mutum uku ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morar aikinsa ya hana shi ladansa. Mudun da aka bubbuge gindinsa, algus a buhun hatsi, gidan marayu da baffa ya saka haya yana karɓa yana cewa ai ni nake riƙe da su. Na kuɗin al'umma kuwa ban ma san ta ina mutum zai fara ba, wanda ya ci kuɗin rijiyar ƙauye guda ko maganin asibiti wa zai je ya durƙusa wa? A je umara sau nawa ne ma a shekara, wannan hadisin na matafiyin da ya yi doguwar tafiya kansa ya yi buzu-buzu jikinsa duk ƙura yana ɗaga hannu sama yana ya Rabbi ya Rabbi, alhali cinsa haram, shansa haram, suturarsa haram, yana nan a Muslim, yaran Islamiyya ma sun haddace shi.

Azumi ma haka yake. Mun iya kame ciki, wannan kam ba a fin mu, ga zafin rana ga rashin wuta amma mutum zai kai magariba. Baki da yatsa ne suka gagara. Ana jiran a sha ruwa ana kwance ana danna waya, an samu hoton wata an yi ta yayatawa a guruf, an yi wa malamin da ba na ɓangarenmu ba ƙarya an yanko rabin maganarsa an watsa, an kira wata da sunan da in a gaban alƙali ne sai an nemi shaidu huɗu. Hadisin Bukhari ya ce wanda bai bar faɗar ƙarya da aiki da ita ba Allah ba ya bukatar ya bar cinsa da shansa. Kuma wannan shi ne ainihin matsiyacin da Annabi (SAW) ya siffanta wa sahabbai, da suka ce matsiyaci a cikinmu shi ne wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya, ya ce matsiyacin al'ummata shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan, ya zubar da jinin wancan, ya doki wannan, sai a dinga ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare ba a gama ba a kwaso zunubansu a jibga masa a jefa shi wuta. Ka lura ba a ce ibadarsa ba ta karɓu ba. Ta karɓu, akwai ladan, wasu ne dai za su ci.

Ɗaya ɓangaren kuma, mu da ake roƙo. Yafiya tana da girma ƙwarai. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba bayan ya saka baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ɗan uwansa ne kuma shi yake ɗaukar nauyinsa, sai aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka tana tambaya, ba kwa son Allah ya gafarta muku? Ya ce wallahi ina so, ya ci gaba da ba shi. Ga ɗan kasuwan nan da ya zo a hadisi, wanda yake ce wa yaransa in kun je karɓar bashi wajen wanda ba shi da shi ku ƙyale shi ko Allah ya ƙyale mu, kuma Allah ya ƙyale shi. Ga hadisin Litinin da Alhamis da ake gafarta wa duk wanda ba ya shirka ban da mutum biyu masu gaba, a ce ku jinkirta wa waɗannan har su shirya. Duk na yarda. Abun da ban yarda da shi ba shi ne a mai da waɗannan nassoshin sandar dukan mai rauni. A tara dangi a falo ana gobe Alhaji zai tashi, a kira bazawarar ƙaninsa a ce toh ke ma sai ki yafe masa, a gaban surukai da manyan gida, wa ya isa ya ce a'a? Ta ce na yafe da baki, zuciyarta kuma Allah ne ya san abun da ke ciki. Yafiyar da aka karɓa da kunya ko da tsoro, gonar marayun kuma tana hannunsa har yanzu, ni dai ba zan so in dogara da ita a gaban Allah ba.

Imam Nawawi ya jero sharuɗɗan tuba guda uku in laifin tsakaninka da Allah ne, ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurce ba za ka koma ba. In akwai haƙƙin ɗan Adam sai ya zama huɗu, ka fita daga haƙƙin mai shi. Na huɗun nan ne yake da nauyi don akwai kunya a ciki, amma malamai sun sauƙaƙa hanyoyin. In kuɗi ne ka ɗauka mai shi bai sani ba, kuma faɗar za ta tayar da fitina, ba dole sai ka tona kanka ba, abun da ake so dukiyar ta koma hannunsa, ka aika wani amintacce ya kai, ko ka tura masa ta asusunsa, yanzu ma da abun ya zo da sauƙi. In gulma ce ko ɓata suna kuma maganar ta kai kunnensa, sai ka je ka ba shi haƙuri. In ba ta kai ba, kuma ka san zuwa ka ce masa na ce maka kaza da kaza sabuwar gaba zai haifar, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun zaɓi ka nema masa gafara kuma ka faɗi alherinsa a wajen da ka ɓata shi. Wato in a guruf ka yi, a guruf ɗin za ka koma ka gyara, ba ka goge saƙon ka yi shiru ba.

In mai haƙƙin ya rasu, magadansa za ka nema ka ba su, ko da kuwa su ba su san da zancen ba. In ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same shi ba ba ka samu nasa ba, irin wanda kuka yi hulɗa a tasha ko wanda ya bar garin tuntuni, sai ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan nasa ne. Haka Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi, ya yi ciniki da wani mutum kafin ya biya shi mutumin ya ɓace, ya neme shi shekara guda bai gan shi ba, sai ya dinga bayar da kuɗin dirhami ɗaya, dirhami biyu, yana cewa ya Allah wannan na wane ne, in ya zo bai yarda ba to ladan nawa, kuɗinsa kuma suna kaina.